Dillaliyar da ta yi mana sallama ranar Laraba

A watan Maris na 2017 na je awo a wani ƙaramin asibiti kusa da unguwarmu a Jos, cikina wata huɗu. Aka ɗebi jininmu kamar yadda ake yi wa kowace mai ciki, muka jeru a benci muna jira. Mata suna shiga suna fitowa, ba wadda ta daɗe. Ni da na shiga sai nas ta tashi ta tura ƙofa. Tun daga turin ƙofar nan gabana ya faɗi.

Ta ce an ga ƙwayar cutar HIV a jinina, an sake gwadawa da wani abin gwajin daban, duk magana ɗaya ce. Ta yi ta bayani, ni dai bakinta kawai nake gani yana motsi. Ta rubuta takarda ta ce in kai babban asibiti a ɗora ni a kan magani. Na ninke takardar na cusa a cikin riga, na fito na kama hanya a ƙafa har gida, kuɗin keke yana dunƙule a hannuna ban ma tuna da shi ba.

Mu a unguwa ba a cewa HIV. Ƙanjamau ake cewa, ko a rage murya a ce “ciwon nan”, marasa tausayi kuma su ce “kabari kusa”. Mijina na fari ya rasu a 2013 bayan jinyar wata bakwai: zazzaɓi, gudawa, tari, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Aka ce taifod ne, aka ce sammu ne, aka sayar da babur ɗinsa aka kai wa masu magani. Ba wanda ya ce a gwada jininsa, ni ma ban ce ba. Allah ya jiƙansa, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, don na tabbata ya koma ga Ubangijinsa bai san abin da ke jikinsa ba. Na yi takaba, na koma gidanmu da ’yata Ummi, a 2016 na auri wanda nake tare da shi yanzu, mai sayar da tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada. Ba mu yi gwaji kafin aure ba, ba wanda ya kawo zancen.

Takardar nan na sa ta a cikin samirar ƙasa ta jeren da ke kabet ɗina, na ɗora sauran a kai. Sati uku tana nan. Ina dafa abinci, ina wanke-wanke, ina gaida uwar mijina da safe, amma in dare ya yi sai in zuba wa rufin ɗaki ido har a kira assalatu. Wata baƙuwar lamba ta yi ta kirana, na ƙi ɗauka. Abin da nake lissafawa shi ne wa zai riƙe Ummi in na mutu, da kuma inda zan nufa da ciki in mijina, Malam, ya miƙo mini takardar saki.

Ranar wata Laraba da hantsi aka yi sallama. Inna, uwar mijina, tana tsakar gida tana tsince wake. Wata mata ce mai jiki, baƙa, ta manyanta, da ɗankwali da babbar jaka a ka. Daga Hausarta ka san ’yar Filato ce, kuma Kirista. Wanda ya san Jos bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ya san yadda garin ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, ba kowace mace ce daga wajen Tudun Wada za ta ratso lungunanmu na bayan Bauchi Road ita kaɗai ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce atamfa take sayarwa, an ce mata akwai amarya mai ciki a gidan nan, ko za a duba na fitar suna. Inna ta nuna mata ɗakina.

Ta baje zannuwa a kan gado, ta saki labule da kanta. Sannan ta sa hannu can ƙasan jakar ta fito da wata farar roba ta magani ta ajiye a cinyata.

“’Yata, kin san wannan?”

Na girgiza kai.

“Shekara goma sha uku ina sha. Dube ni da kyau. Na yi miki kama da wadda ake haƙa wa kabari?”

Raina ya ɓaci kafin komai. Na ce wa ya ba ta izinin zuwa gidan aurena, so take ta tona mini asiri? Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ni na rubuta kwatancen gida a katin awo, na kuma yarda a neme ni in ba a gan ni ba, ta kira ta gaji shi ya sa ta tako. Ta ce in na ce ta tafi za ta kwashe kayanta yanzu, kuma har ta mutu ba mai jin komai daga bakinta. Amma in bari ta faɗi abu ɗaya kan wanda ke cikin cikina. Idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai ɗari, 15 zuwa 45 suna iya ɗauka, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Idan tana sha yadda ya kamata, ba sa kai 5. Ta ciro waya ta nuna mini hoton autarta da rigar makaranta, ta ce wannan bayan ta san matsayinta ta haife ta, kuma lafiyarta ƙalau.

Nas ta faɗa mini kusan duk wannan, na san ta faɗa. Amma nas tana magana ne daga bayan tebur, a kan ciwon da ba ta kwana da shi. Wannan kuwa robar maganinta ce a cinyata, da sunanta da ta kankare da reza. Na kifa kai a kan zannuwan na yi kukan da na yi sati uku ina haɗiyewa, ita kuma tana bubbuga bayana tana ɗaga murya tana cewa, “Wannan mai ruwan ganyen ba ya zuba, amarya, ko sau nawa kika wanke,” don Inna ta ji ciniki ake yi.

Na ɗauki turmi ɗaya a kan zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Dabararta ce: ta sami dalilin zuwa karɓar bashi duk sati. Ba zan faɗi sunanta ba. Mama kowa yake ce mata, ni ma haka na kira ta tun daga ranar.

Litinin da sassafe muka haɗu a Terminus, na ari niƙabi na rufe fuska. Da muka shiga harabar da ake karɓar magani sai na tsaya cak. Na ɗauka zan tarar da ’yan ramammu a kwance. Mutane ne cike da benci, da masu kaki, da ’yan jami’a riƙe da littattafai, da tsofaffi masu jan carbi, da mata masu goyo, ana hira ana cin ƙosai. Can na hango wani dattijo na layinmu wanda ake girmamawa ƙwarai. Ya dube ni, ban sani ba ko ya gane ni ta cikin niƙabin, ya sunkuyar da kai na sunkuyar. Shekara da shekaru ke nan muna gaisawa a hanya, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen.

Mama ta san wurin kamar tafin hannunta. Inda ake buɗe fayil, inda ake awon nauyi da hawan jini, ɗakin ba da shawara, layin likita, wajen ɗibar jini, tagar karɓar magani. Da ni kaɗai ce, wallahi a layi na biyu zan juya. Ita tana cikin matan da ke ɗauke da cutar, suka haihu lafiya, aka koya musu yadda za su ja hannun sababbi. Muna jiran likita ta ba ni labarin zamaninsu. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara ba da magani a 2002, gurbin manya dubu 10 ne kawai a duk Najeriya, kuma sai ka biya naira dubu ɗaya duk wata. Mijinta yana jiran gurbi ya mutu. Ita ta samu ne a 2004, da tallafin Amurka na PEPFAR ya iso asibitin koyarwa na jami’ar Jos ta hannun shirin APIN, sannan a 2006 gwamnati ta mayar da maganin kyauta. A da sai sojojin jikinka, waɗanda likitoci ke kira CD4, sun yi ƙasa sosai kafin a fara ba ka. Daga 2016 aka sauya, duk wanda aka samu da ita a ɗora shi nan take. “Ke kin zo a kan gaɓa,” in ji ta. “Mu da gawarwaki muka biya wannan layin da kike tsoron tsayawa.”

A ranar na karɓi nawa. Ƙwaya ɗaya ce da dare, magani uku a haɗe, tenofovir da lamivudine da efavirenz, sai Septrin na kariya daga ƙananan cututtuka. Kwanakin farko na sha wuya. Jiri kamar ƙasa tana juyawa, ga mafarkai masu firgitarwa, in ga ruwa yana cika ɗaki, in ga marigayi yana tsaye a bakin ƙofa. Dare na huɗu wajen ƙarfe biyu na fita bayan gida na yi wa Mama filashin, ta kira nan da nan. Na ce maganin nan zai haukata ni, na daina. Ta tambaye ni me na ci. Na ce soyayyen dankali da ƙwai. Ta ce abinci mai maiƙo yana ƙara masa ƙarfi, in riƙa cin tuwo da wuri, in sha ƙwayar sai zan kwanta, in ba shi sati biyu zuwa uku zai lafa. Ta ce ita ma ta ga nata matattun lokacin da aka sauya mata zuwa irinsa. Haka kuwa aka yi, ya lafa.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su a takardar asibiti. Robar maganin tana ƙara kamar caki in kina tafiya, to sai ki cusa auduga a ciki. Kwalin ba a jefa shi a shara inda yara ke tone-tone, a murhu ake sa shi. In za ki biki ki kwana, ki ƙulle na kwanakin a ’yar leda cikin jakar kwalliya. Da azumi ba abin da zai hana ki, tunda sau ɗaya ne kuma bayan isha’i. Ƙarfe tara na kowane dare wayata takan yi ƙara sau ɗaya ta katse. Mama ce. Ta yi wata shida tana yin haka ba fashi.

Maganar Malam ce ta fi tsaya mini a wuya. Mama ba ta matsa mini ba, amma ba ta bar zancen ya kwanta ba. Duk zuwa karɓar bashi sai ta ce, “Maigidan fa?” Ta ce haƙƙinsa ne ya san nasa matsayin, in yana da ita ya fara magani tun bai kwanta ba. Bayan wata biyu na ce masa asibiti suna son ganin mazajen masu ciki a gwada jininsu, wanda kuma gaskiya ne. A ɗakin ba da shawara, a gaban ma’aikaciya, na buɗe baki na faɗa masa da kaina. Aka gwada shi. Ba shi da ita.

Bai ce uffan ba. Ya sa hularsa ya fita, ya hau keke daban. Kwana tara yana kwana a rumfar kasuwa, ya ce wa Inna kaya ne suke isowa da dare. Na haɗa kayana a jaka ina jiran takarda. Ashe Mama ta nemi wani mutum, magidanci, wanda matarsa ke ɗauke da cutar shi ba shi da ita, sun shekara goma tare da ’ya’ya huɗu. Da yardata ya je Farin Gada kamar mai sayen kwandon tumatir, suka zauna a bayan rumfa har la’asar. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Daga baya Malam ya ce mini mutumin ya yi masa bayanin cewa idan mace tana shan magani har ƙwayar cutar ta yi ƙasa ƙwarai a jininta, ƙasa da 200 a mililita ɗaya, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya, kuma kafin a kai nan akwai kwaroron roba. Ya ce abin da ya fi shiga ransa shi ne ganin namiji ɗan’uwansa, mai gemu da iyali, yana faɗin haka ba kunya.

Dare na goma ya yi sallama da ƙunshin balangu. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙasa. Wayata ta yi ƙarar ƙarfe tara. Ya ɗago ya ce, “Maman Ummi, tashi ki sha maganinki.” Shi ya miƙo mini kofin ruwa.

Ba kowace ce take dacewa haka ba, kuma ba na so mai karatu ya ɗauka haka abin yake ƙarewa kullum. Na san matan da aka saka tun a ƙofar asibiti, na san wadda aka ware wa kwano da buta a gidan ubanta. Akwai dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014, wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta ko a fallasa matsayinsa ba da yardarsa ba. Doka ce mai kyau, muna karanta wa juna ita. Amma ba ta shiga ɗakin aure, ba ta zama a tsakar gida tare da dangin miji. Shi ya sa har yau Inna ba ta sani ba, kuma ni da Malam mun bar shi a haka.

Aka gwada Ummi, ba ta da ita. A watan Agusta na haifi namiji a asibiti, duk da Inna ta so a kira ungozoma. Aka ba ni ruwan maganin nevirapine in riƙa ɗiga masa kullum har sati shida, aka ce nono zalla wata shida, ko ruwa kada ya sha, don haɗa nono da wani abu yana iya raunata hanjin jariri ya buɗe wa cutar hanya. Nan aka kai ruwa rana. Inna ta ce ba a taɓa raya ɗa da ƙishirwa ba, ga jiƙo ga ruwan rubutu. Mama ta zo barka da sabulu da turmin atamfa, ta zauna cikin mata ta ce ai yanzu duk asibitoci haka suke cewa ga kowane jariri, jikokinta ma haka aka yi musu. Ba ƙarya ta yi ba. Malam kuma ya tsaya a kan wanzami ba zai cire wa yaro beli ba.

Da ya cika sati shida aka tsaga dunduniyarsa kaɗan aka ɗiga jinin a wata takarda aka aika ɗakin gwaji. Jiran sakamakon nan ya fi naƙuda. Ya fito babu. Na yaye shi yana shekara ɗaya, aka yi gwajin ƙarshe yana wata 18, a Fabrairun 2019. Ma’aikaciyar ta juyo da abin gwajin ta nuna mini layi ɗaya tak. Na yi sujada a kan simintin ɗakin, Mama tana gefe ta ɗaga hannuwa tana yi wa Allah godiya da yarensu.

Wata ɗaya bayan nan na ji a rediyo shugaba Buhari ya bayyana sakamakon babban binciken da aka yi a 2018: mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma tsakanin masu shekara 15 zuwa 49 mata sun ninka maza. Na tsaya da wankin da nake yi. Na ce a raina, a cikin matan nan nawa ne takardarsu take ƙarƙashin samira yanzu haka?

Lokacin na riga na saba da taronmu na wata-wata, ranar Asabar, a ƙarƙashin ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, wadda aka kafa tun 1998. In Musulma ta buɗe da addu’a, Kirista ce za ta rufe, wata mai zuwa a juya. Muna adashe, muna tara ɗan abin da za a ba wadda ba ta da kuɗin mota. Duk wadda sakamakon bayiral lod ɗinta, wato gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, ya fito ba a ga ƙwayar ba, sai an yi mata guɗa. Aka sauya mana magani zuwa mai dolutegravir, mafarkai suka ɗauke gaba ɗaya, aka koma ba mu na wata uku, wani lokaci har shida. A 2020 Mama ta kai sunana, aka horar da ni, na karɓi jaka irin tata. Ni turaren wuta da humra nake sawa a ciki.

Aikin ba wani abin ado ba ne. Ranar Litinin a ba ki sunayen waɗanda ranar karɓar maganinsu ta wuce ba su zo ba. Ki kira, ki sake kira, in an yarda ki taka. Wata kuɗin keke ne babu. Wata ta ce ba za ta iya sha da yunwa ba. Wani ya ga ya yi ƙiba ya ce ya warke. Matasa kuma sukan gaji kawai, musamman waɗanda aka haifa da ita, su ce laifin me suka yi.

Akwai yarinyar da ba na mantawa. Shekararta 22, bazawara, kyakkyawa, mai son dariya, Anti take ce mini. Na raka ta ta fara magani, cikin wata takwas ta murmure har ta fara ɗinki. Sai wata gwaggonta ta kai ta wajen wani mai magani a bayan gari, ya karɓi kuɗin keken ɗinkinta, ya ba ta jarkoki biyu, ya ce sharaɗin shi ne ta bar na asibiti don ba a haɗa biyu. Na je gidan sau biyar. Na ce mata ƙanwata, sha rubutunki, yi addu’arki, ni ma ina yi, Annabi (SAW) da kansa ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, to wannan ƙwayar ma cikin rahamarsa take. Na ce mata har yau ba maganin da ke fitar da cutar daga jiki, danne ta ake yi, ranar da kika saki ta tashi, wani lokaci ma ta dawo ba ta jin maganin da kike sha. Ta riƙe hannuna ta ce, “Anti, ke kin haƙura da sha har mutuwa. Ni so nake in warke in yi aure kamar kowa.” Ban sami amsar da ta gamsar da ita ba. Bayan wata goma sha ɗaya aka kira ni da dare. Tarin fuka ya ci ƙarfinta, sojojin jikinta ba su kai 50 ba. Ta yi kwana shida a gadon asibiti. Ni na riƙe mata kofi a daren ƙarshe. Mai jarkokin nan yana nan yana sana’arsa, kuma duk ranar da na ji irinsu suna talla da lasifika a kasuwa sai na ji zuciyata tana tafasa.

Na je wajen Mama na ce na ajiye jakar. Ta bar ni na gama kuka, ta zuba mini gwate mai zafi, ta ce ita ta binne fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Sannan ta ɗauko takardar sunayen satin ta ajiye kusa da kwanon, ba ta ƙara cewa komai ba. Na tafi da ita.

A watan Agustan 2021, bayan kashe matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Cutar ba ta san dokar hana fita ba. Wayoyinmu suka yi ta ƙara, wannan saura ƙwaya biyu, wancan ta ƙare jiya. Da aka ɗan sassauta, Mama ba ta isa ta shigo unguwarmu ba, ni ma ban isa in shiga tasu ba. Muka haɗu a asibiti muka raba sunaye, ta ɗauki na ɓangarensu na ɗauki na namu, duk wanda ya amince a kai masa har gida. Na zaga Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da robobi a ƙarƙashin kwalaben humra. Wata tsohuwa ta ara wa maƙwabciyarta ƙwaya biyar daga nata, iri ɗaya suke sha, ta ce a biya ta in gari ya lafa.

Tsoro mafi girma ya zo a Janairun 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Labari ya bazu cewa magani zai yanke. Mutane suka fara tsallake rana don su adana, wasu suna raba ƙwaya biyu, abin da yake da haɗari ƙwarai. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna roƙo kada su yi haka. A watan Fabrairu gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, kuma a wurinmu ba a rufe taga ba. Amma ɗan alawus ɗin da ake ba mu na kati da kuɗin mota ya tsaya, wasu abokan aikinmu dole suka koma neman abinci. Ina ganin masu tsara kasafi suna lissafin kwalayen magani su manta da ƙafar da ke kai mutum wajen kwalin. Maganin yana nan a Jos kyauta duk sati ukun da na yi ina kallon rufin ɗaki, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba daga gidanmu.

Mama yanzu gwiwa ta hana ta yawo, ga hawan jini. Ni nake karɓo mata nata in kai mata Tudun Wada, jikokinta suna ganina su ruga suna cewa ga Anti mai turare. Ɗana yana firamare, Malam yana gwaji lokaci-lokaci kuma har yau ba shi da ita. Ummi ta girma, bara na zaunar da ita na faɗa mata komai, yanzu ita ke tuna mini ƙarfe tara.

A takardar wannan satin akwai wata amarya a wajen Dilimi, cikinta wata biyar. An gwada ta kwana goma sha shida da suka wuce, ba ta dawo ba, na kira sau bakwai ana katsewa. A katinta ta rubuta gida mai jan ƙyaure bayan injin markaɗe, ta kuma sa hannu a inda aka ce ko ta yarda a neme ta. Na tambaya a unguwar kamar mai neman masu sayen humra, an ce mijin yana fita bayan sallar asuba, kishiyar kuma takan tafi Islamiyya ranar Alhamis da ƙarfe goma. Na cika kwalabe shida, na sa robata a ƙasan jaka.